Ranar da Beryl Ta Hau Cinyar Baƙo

Shugabar wannan taro, Uwargida Rosalind Quaile. Mai girma Magajin Gari da 'yan majalisarsa. Dattawan mutanen farko na wannan tsibiri na Tasmaniya, waɗanda a kan ƙasar kakanninsu muka taru. Ma'aikatan ɗakin karatu da suka kwashe mako guda suna jera kujerun nan. 'Yan'uwana marubuta, waɗanda muka shafe shekaru muna kashe mutane a kan takarda ba wanda ya taɓa kama mu. Da ku masu karatu, na kusa da na nesa, har da waɗanda suka ƙetaro teku cikin wannan sanyi: ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya ga kwamitin da ya ga ya dace ya karrama tsohuwa irina. Ina godiya ga matan coci da suka yi mana shayi. Ina kuma godiya ta musamman ga wata mata da ke zaune can a layi na biyu tana harara ta saboda na ambace ta, wato maƙwabciyata ta shekara talatin, Noelene Birtwistle. Za ku ji dalili.

An ce in yi magana a kan rayuwata ta marubuciyar labaran kisa da bincike, da kuma abin da ya sa kyanwa ba ta rabuwa da irin littattafanmu. Zan ɗauki abu uku. Biyun farko na sha faɗarsu a wurare irin wannan. Na ukun kuwa ban taɓa buɗe baki na faɗe shi a bainar jama'a ba sai yau.

Na farko, yadda na fara. Sunana Glenys Hatherley, 'yar manomin tuffa ce daga kwarin Huon. Na yi shekara goma sha biyu ina buga tafireta a wata kotu, ina rubuta abin da shaidu ke faɗa. A nan na koyi sana'ata. Na ga mai gaskiya yana in'ina, na ga maƙaryaci yana kuka da hawaye. Na ga wanda ya gani da idonsa ya manta, na ga wanda bai gani ba yana rantsuwa. Daga baya na auri Clarrie, na koma gonarsa, na rubuta littafina na farko ina da shekara arba'in a kan teburin kicin. Ranar da ya gama karanta shi, ya ajiye, ya dubi kofin da ke gabansa ya ce, "Glenys, in na mutu ba zato, ki gaya musu su fara bincikar shayin nan." Ya rasu da ciwon zuciya bayan shekara ashirin, kuma ina tabbatar wa Saje da ke tsaye a bakin ƙofa cewa shayin lafiyarsa ƙalau.

Na biyu, kyanwa. Littafi goma sha tara na rubuta, babu wanda ba kyanwa a cikinsa, kuma ba ni kaɗai ce mai wannan hali ba a cikin ɗakin nan. Wasu suna cewa muna sa ta ne don ta sassauta jinin, don mai karatu ya iya kallon gawa a ƙasa muddin akwai wani abu mai taushi kwance kusa da murhu. Akwai gaskiya a nan. Na kashe likita, na kashe limamin coci, na kashe amarya ranar aurenta, ba wanda ya rubuto mini. Amma da na bari ƙofa ta datse wutsiyar kyanwa a littafi na shida, sai da mai kawo wasiƙu ya daina gaishe ni.

Amma ba wannan ne ainihin aikinta ba. Kare yana da ɓangare: ya san nasa, ya san baƙo, yana kuma faɗa da ƙarfi. Kyanwa ba ta da ɓangare. Tana cikin ɗakin lokacin da aka zuba gubar, tana kan taga lokacin da aka ja gawar, ta ga komai, ba za ta faɗi komai ba. Ba a sa ta rantsuwa, ba a kuma razana ta ta canza magana. Abu ɗaya kawai take bayarwa, shi ne halinta. Kyanwa tana kwana inda ta saba, tana gudun wanda ta saba gudu. Ranar da ta sauya hali, to wani abu ya sauya a gidan. Na rubuta wannan magana ta hanyoyi da dama, na karɓi tafi a kanta, ina tsammanin na fahimce ta.

Yanzu na uku.

Shekara goma sha uku da suka wuce, ina zaune ni kaɗai a gidan gonar, shekara biyu bayan rasuwar Clarrie. Daga ƙofata zuwa ta Noelene kilomita huɗu ne. Wayar hannu ba ta aiki a wannan kwari. Sai ta bango, a kicin. Ban taɓa kulle ƙofa ba, domin ban ma san inda makullin yake ba. Abokiyar zamana ita ce wata kyanwa toka-toka da Clarrie ya tsinto a rumbun tuffa, ya sa mata suna Beryl, sunan uwata, wai don irin kallon da take yi masa. Beryl ba ta son kowa. Ba wasa nake ba. Da ta ji tayar mota a kan tsakuwa sai ta shige ƙarƙashin kabad, ba za ta fito ba sai baƙo ya yi awa guda da tafiya. Likitan dabbobi yana sa safar hannu ta fata kafin ya taɓa ta. Noelene ta yi shekara tara tana kawo mata kan kifi, kuma duk abin da ta samu shi ne tabon yakushi a bayan hannu, wanda za ta nuna muku in kun tambaya, ko ma ba ku tambaya ba.

A farkon sanyin shekarar na fara lura da wasu ƙananan abubuwa. Beryl tana ƙiba, alhali ban ƙara mata abinci ba. Na ce ɓeraye ne. Tana zama a baranda ta cikin gida, ƙarƙashin murfin da ake bi a shiga silin, ta ɗaga kai tana kallo. Na ce fosam ne, dabbobin nan na kan bishiya masu kama da gafiya, suka sake shiga rufi, kamar kowace shekara in tuffa ta ƙare. Burodi yana saurin ƙarewa. Na ce tsufa ne, ina ci ina mantawa. Wata rana na dawo daga gari na tarar da takardun sabon littafina a jere tsaf, gefe da gefe, ni kuwa ban taɓa jera takarda a rayuwata ba. Na ce kai, ashe ina gyaruwa. Jama'a, ku dubi wannan mata: littafi goma sha huɗu ta rubuta a lokacin a kan mutanen da suka ƙi ganin abin da ke gabansu.

Ranar wata Alhamis a watan Yuli, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, rana ta fito tarwai bayan mako guda ana ruwa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mutum ne, ɗan shekara hamsin ko kusa, siriri, fari fat, da tsabtatacciyar riga, da littafina a hannu. Ya ce sunansa Lyle Corrigan. Ya ce, "Uwargida Hatherley, ki gafarce ni da na zo ba sanarwa. Daga arewa nake, yau na fara zuwa wannan kwari. Motata na bari can bakin titi saboda laka. Sa hannu kawai nake so."

Irin wannan ba sabon abu ba ne a wurina. Na ce ya shigo ya sha shayi. Ya zauna a teburin kicin, na juya baya ina ɗora buta a kan murhu, muna hirar ruwan sama. Sai na ji wani sauti a bayana, sautin da na sani sarai, amma wanda ban taɓa ji ba in akwai mutum na biyu a gidan. Na waiwaya.

Beryl ce a kan cinyarsa. Ta miƙe ƙafafu, ta lumshe ido, tana wannan gurnani na jin daɗi, shi kuma yana sosa mata ƙarƙashin haɓa ta gefen dama, daidai wurin da ni kaina sai da na yi shekara biyu kafin ta yarda in taɓa.

Ban san yadda zan bayyana muku abin da na ji ba. Na bayyana tsoro a littafi sau ɗari, na ce zuciya ta buga, na ce gumi ya keto. Duk ban san abin da nake faɗa ba. Abin da ya faru shi ne ƙafafuna suka yi sanyi daga tafin har gwiwa, kunnuwana suka toshe, sai wani ɓangare na kaina ya fara tattara abubuwa a hankali, kamar ba ni ba: ƙibar, murfin silin, burodin, takardun. Kafin butar ta tafasa na gane cewa wannan mutum ba baƙo ba ne a gidana.

Na ce, da muryar da ban san daga ina ta fito ba, "Bari in ɗauko maka cokali." Ya ce, "A'a, zauna, kar ki wahala." Ya ɗaga Beryl a hannu ɗaya, ya nufi aljihun tebur na uku. Wannan aljihun yana maƙalewa tun zamanin Clarrie. Sai an ɗan ɗaga shi sama kafin a ja. Ya ɗaga, ya ja. Bai ma duba ba.

Ya dawo ya zauna, yana juya shayinsa. Sai ya ce, "Glenys." Ba Uwargida kuma. "Glenys, babi na goma sha bakwai bai yi ba."

Babu wanda ya karanta babi na goma sha bakwai. Ranar Talata na gama shi.

Na ce, "Me ya same shi?" Ya ce, "Kin sa an kama mai kisan. Mutumin nan bai cuci kowa ba sai waɗanda suka ƙi kallonsa. Kin san shi fiye da kowa, ke kika fahimce shi, sannan a ƙarshe ki miƙa shi kamar kowa? Ban ji daɗi ba. Na yi kwana biyu ina tunani, na ga gara in sauko mu yi magana."

In sauko. Haka ya ce.

Wuƙar burodi tana kan tebur, ta fi kusa da shi. Ƙofa tana bayansa. Ina da shekara sittin da biyu da gwiwa mai ciwo. Na zauna, na ce, "To, faɗa mini yadda kake ganin ya kamata ya ƙare." Ya yi murmushi kamar yaron da aka yaba, ya fara bayani.

Ƙarfe goma sha biyu daidai waya ta yi ƙara. Noelene ce, kullum a wannan lokaci take kira tun da Clarrie ya rasu, wai don ta ji ko na mutu ta zo ta kwashe kajina. Mutumin ya san haka, ba shakka ya sha jin mu ta silin. Ya ce, "Ɗauka mana. In ba ki ɗauka ba za ta damu." Ya juyo da kujerarsa yana fuskantata.

Na ɗauka. Noelene ta ce, "Ke tsohuwa, har yanzu kina numfashi?" Na ce, "Ina nan, ƙawata. Baƙo ma nake da shi, wani mai karatu daga arewa, yau ya fara zuwa. Mutumin kirki. Ga Beryl ma kwance a cinyarsa."

Ban faɗi kalma ɗaya da zai zarga ba. Har gyaɗa kai ya yi.

Noelene ta fashe da dariya. "Beryl? A cinya? Ke dai ba ki daina ƙarya ba, shi ya sa kika yi suna." Na ce, "Wallahi kuwa. Kamar sun yi watanni da sanin juna."

Dariyar ta tsaya. Na ji numfashinta. Ban taɓa yin addu'a irin ta waɗannan 'yan daƙiƙu ba. Sai ta ce a hankali, "Glenys. Yana jin ki?" Na ce, "Sosai ma." Ta ce, "Yi dariya." Na yi dariya. Ta ce, "Ki ba shi abinci, ki sa shi surutu, kar ki matsa kusa da ƙofa. Ina zuwa." Na ce, "To sai gobe, ki gaida kaji."

Minti goma sha tara suka ɗauka. Agogo yana bangon da ke gabana, na ga kowane ɗaya. Na yanka masa burodi da wannan wuƙar, na mayar da ita inda take don kar ya lura. Na ɗauko fensir na rubuta gyaran da yake faɗa. Ya ce rubutuna ya fi kyau in na sha shayi biyu da safe maimakon uku. Ya ce ya kamata in daina yin magana da hoton Clarrie, ba ya taimaka mini. Ya ce rigar barcina mai launin shuɗi ta tsufa. Ni kuwa ina cewa, "Haka ne. Gaskiyarka." Can ya dube ni tsawon lokaci, ya ce, "Hannunki yana rawa." Na ce, "Sanyi ne." Ya ce, "A'a. In sanyi ne kafaɗarki kike ɗagawa." Ya ɗora hannunsa a kan tebur, kusa da wuƙar, bai taɓa ta ba.

A nan ne Beryl ta ɗaga kunne, ta diro daga cinyarsa, ta shige ƙarƙashin kabad. Ta ji taya a kan tsakuwa. Shi ma ya san ma'anar wannan, kamar yadda na sani.

Noelene ta shigo ba sallama, da maza uku masu datse mata rassan tuffa, kowanne da zarto a hannu, ita kuma da sandar juya wuta. Ta ce, "Kai, tashi daga kujerar Clarrie." Bai yi gardama ba, bai gudu ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Na zaci ke daban ce."

'Yan sanda suka iso bayan awa guda, suka hau silin. Wata huɗu ya yi a can. Ta wani kwanon rufi da ya saki a bayan ɗakin wanki ya fara shiga. Sun tarar da bargo, da tsohuwar kwat ɗin Clarrie da nake ta nema, da gwangwanayen kifi da yake ba Beryl in na tafi gari. Sun tarar da huji uku da ya yi a silin: ɗaya a kan teburin rubutuna, ɗaya a kicin, ɗaya a kan gadona. Akwai igiya sabuwa da ba a kwance ba. Akwai kuma littafin rubutu da ya cika da hannunsa. Sajen da ta riƙe binciken ta ce mini, "Uwargida Hatherley, kina da ikon karantawa, amma in da uwata ce ke, zan roƙe ki ki bar shafin ƙarshe." Na bar shi. Ni da na rayu a kan son sanin ƙarshen labari, har yau ban tambaya ba.

Kotu ta ce ba shi da lafiya, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Aka toshe hujin, aka buga wa murfin ƙusa, aka sa makullai. Amma ga abin da ya fi komai tsaya mini. Kusan shekara guda, kowace rana da yamma, Beryl takan je ƙarƙashin murfin nan ta zauna, ta ɗaga kai, ta yi kuka a hankali. Kiransa take. Kewarsa take. Na tsane ta a lokacin, ina faɗa muku gaskiya. Na kai ta gidan Noelene, bayan kwana uku ta dawo da ƙafarta ta koma wurin zamanta. Sai daga baya na gane ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Ita ce ta cece ni, ba don tana sona ba, ba don ta san shi mugu ne ba. Ba ta san komai game da mugunta ba. Ta nuna abin da yake akwai ne kawai, tun watan farko, ni ce na ƙi karantawa.

Na yi shekara uku ban rubuta layi ɗaya ba. Na sayar da gonar, na koma gari, gida mai maƙwabta ta kowane gefe, wanda ba shi da silin da mutum zai iya shiga. Beryl ta mutu a can da tsufa.

Za ku ce me ya sa sai yau. A watan jiya na sami wasiƙa daga hukuma, cikin ladabi, layi shida. Likitoci sun gamsu ya warke, an sallame shi. An hana shi zuwa kusa da ni, kuma ina fata da gaske ya warke ɗin, domin shi ma ɗan wani ne. Amma tun da na hau wannan dandamali nake bin fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, kuma shekara goma sha uku suna sauya fuska. Kyanwar da nake da ita yanzu, jikata ce ta kawo mini. Tana da kyau, tana da fara'a, tana hawa cinyar duk wanda ya shigo. Ba abin da za ta iya gaya mini.

Saboda haka ina kira gare ku. Ku marubuta, ku ci gaba da sa kyanwa a littattafanku, amma ku daina mayar da ita abin ado. Ku bar ta ta yi aikinta. Ku masu zama ku kaɗai, maza da mata, a gona ko a gari, in wani ƙaramin abu ya sauya a gidanku, kada ku yi saurin samo masa dalili, kada ku ji kunyar a ce kun tsufa, ku faɗa wa wani. Ku kuma maƙwabta, ku kira. Ku kira ko ba ku da abin faɗa, ku kira ko don zolaya, ku san halin gidan juna har ku iya gane ranar da magana ta gaskiya ta zama neman ceto.

Allah Ya tsare gidajenku, ciki da waje, sama da ƙasa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na jiki da na tunani. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya ba kowannenku maƙwabcin da zai daina dariya a lokacin da ya dace. Waɗanda za su bi hanyar kwari, ku tuƙa a hankali, akwai ƙanƙara a kan gada. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.